Tikitin Lahadi

"Wannan ba na rana ba ne, yarinya."

Hafsatu ta ɗago kai ta dubi matar da ke tsaye bayan teburin rabo. Ba ta gane ba.

"Na'am?"

"Na ce tikitinki ba na rana ba ne," in ji Mama Rifkatu, shugabar masu rabon abinci, tana miƙo mata 'yar takardar mai ruwan ɗorawa. "Wannan na safe da yamma ne. Matsa gefe, mutane na jira."

"Amma... amma ai na biya..."

"Kin biya na ɗorawa. Kaza sai kore ko ja."

Ranar Lahadi ce, ranar dafa-duka da kaza, ranar da ko mai zazzaɓi sai ya lallaɓo ya shiga layi. Kafteriya, wato babban ɗakin cin abincin ɗalibai, ta cika maƙil, layi har ya fita waje ya zagaye bishiyar mangwaro. Ga Hafsatu a can gaba, ta caɓa ado da sabuwar atamfa, tire a hannu, faranti wayam.

Wani ya ɗaga murya daga baya, "Sabuwar shiga ce!"

Aka kwashe da dariya.

Hafsatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Idonta ya ciko da ƙwalla.

Ai kuwa ita ta jawo wa kanta. A waccan shekarar ta 1983, kwalejin da ta shiga a nan Kaduna tana sayar wa ɗalibai tikitin abinci a ɗan littafi, kowa ya zaɓi irin nasa a farkon zango, kuma ba canji sai zango ya ƙare. Kore na mai ci sau uku ne. Ruwan ɗorawa safe da yamma ne, an yi shi don masu fita koyon aiki cikin gari da rana. Ja kuwa na rana ne kaɗai, na marasa ƙarfi. Duk an rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jikin allo, amma 'yar autar Alhaji Inuwa ta Unguwar Rimi ba ta saba karanta allo ba, kuma girman kai ya hana ta tambaya. Da akawu ya baje mata littattafan, sai ta nuna na ɗorawa don launinsa ya fi kyau! Tsawon satin ba ta gane kuskurenta ba, domin kullum da rana direba na kawo mata kula daga gida. Ranar Lahadi ce kaɗai direban yake hutu.

Ta juya za ta ajiye tiren ta gudu, sai ta ji murya a bayanta.

"Mama, zuba mata."

Wani dogon saurayi ne, baƙi, sanye da farar riga da ta sha wanki har wuyanta ya fara gajiya, amma an goge ta tas. Ya ciro ɗan jan littafi daga aljihu, ya yage tikiti ɗaya, ya ajiye a kan tiren Hafsatu.

Mama Rifkatu ta tsaya da ludayi a sama.

"Rabe... ka san abin da kake yi?"

"Na sani, Mama."

Ɗakin ya yi tsit. Can sai wani ya buga cokali a kan tire. Wani ya amsa. Kafin ka ce me, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, ƙarar cokula har rufin kwano na amsawa, ana ihu:

"An yage! An yage!"

Hafsatu ta zaci har yanzu dariyar da ake mata ce. Ta ce "na gode" can ƙasan maƙoshi, ta karɓi abincinta, ta nemi lungu ta zauna. Da ta waiga neman saurayin, ya riga ya fice.

*

"Kin ci?" Kaltume ta tambaye ta a ɗaki, tana tsaye riƙe da ƙugu. "Kin cinye?"

Kaltume 'yar kawunta ce, tana shekara ta biyu, ɗakinsu ɗaya.

"To, Yaya Kaltume, zubarwa zan yi?"

"Innalillahi! Ke ba ki san komai ba sai kwalliya! A makarantar nan, in namiji ya yage wa mace tikitin Lahadi a gaban jama'a, cewa ya yi yana sonta. In ta ci, ta amsa. In ba ta so, sai ta nemi tikitin wata Lahadin ta mayar masa a gaban kowa. Shi ke nan an rabu."

Hafsatu ta dafe ƙirji.

"Ni? Na amsa?"

"Kin ma suɗe ƙashi! Maza ki mayar masa. Zan ba ki nawa na sati mai zuwa."

Wannan kyauta ta Kaltume tana da dalili. Tun bara take shiga layi daf da Rabe duk ranar Lahadi, tana gyara gyale, tana jiran ranar da jan littafin nan zai fito dominta. Ba ita kaɗai ba ce ma. Rabe shi ne na ɗaya a ajin masu koyon gine-gine, shi ke jan salla in liman bai zo ba, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Shekara guda cur bai yage wa kowa ba, sai ga yarinyar da ko sati biyu ba ta yi ba.

Washegari Hafsatu ta tare shi a bakin ɗakin karatu. Ta shirya maganganu tuli, amma da ya dube ta ya yi murmushi, duk suka watse.

"Malam... ni fa ban san al'adar ba."

"Na san ba ki sani ba."

"To me ya sa ka yi?"

"Da farko don kada ki yi kuka a gaban mutane," ya ce. "Amma ba zan miki ƙarya ba, tun ranar rajista nake bayanki a layi. Na ga lokacin da kika zaɓi na ɗorawa. Na so in yi magana, bakina ya yi nauyi."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Laifina ne. Shi ya sa na biya tara."

Ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata ba.

Suka zauna a kan dakali, ya karɓi littafinta ya buɗe, ya shiga yi mata bayani a nutse, ba tare da ya sa ta ji ita sakarai ce ba. Ya nuna mata cewa kowane tikiti da ranarsa a jiki, in ranar ta wuce ya mutu. Ya ce mai zaɓe ya fara duba lokutan darasinsa: in kana da lakca da sassafe, na safe asara ne, don kafin ka fito shayi ya ƙare. In kana yawan zuwa gida, kore ɓarna ce. In kana azumin Litinin da Alhamis, sai ka yi musaya da mai na yamma, Mama Rifkatu ba ta hanawa in an gaya mata.

"Mutum ya san cikinsa, ya san aljihun wanda ke biya masa, sannan ya zaɓa," ya ce. "Ba a zaɓe don launi, 'Yar Ɗorawa."

"Kada ka ƙara kirana haka!"

"To, 'Yar Ɗorawa."

Ta harare shi, amma hararar ba ta da ƙarfi.

"Kai fa? Ka ba ni naka, me ka ci jiya?"

"Gidanmu nan ne Kurmin Mashi," ya ce da sauri. "Ran Lahadi tuwon Innata nake zuwa ci. Tikitin ma asararsa nake yi."

Ya miƙe.

"In za ki mayar, ba zan ji haushi ba. Ki dai bari sai an rage jama'a."

Lahadi ta zo. Kaltume ta danƙa mata tikiti a hannu, ta raka ta har bakin layi. Rabe na tsaye, ya sunkuyar da kai. Hafsatu ta dube shi, ta dubi tikitin Kaltume, sai ta juya ta mayar wa Kaltume abinta.

"Yaya, ci kazarki," ta ce.

Ranar har Mama Rifkatu sai da ta buga ludayi a bakin tukunya.

*

Daga nan soyayya ta kankama, irin wadda ake nuna ta da baki. Duk Lahadi ya yage mata, ya tsaya ya ga ta nufi layi, sannan ya ce ya tafi Kurmin Mashi. Sauran ranaku suna haɗuwa a dakalin nan bayan la'asar, yana koya mata lissafi, tana koya masa yawan dariya.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. Duk yadda ta yi da shi ya taɓa abincin kular da ake kawo mata daga gida, ya ƙi.

"Haba Rabe, ko loma ɗaya! Dambun nama ne fa."

"Ni in ci girkin Hajiya? Da wane idon zan dube ta ranar da na je gaisuwa?"

"Wa ya ce maka za ka je gaisuwa?"

"Zuciyata ce ta ce, abar ƙaunata. Kuma ba ta saba mini ƙarya ba."

Sai ta rufe fuska da gyale, daɗi kamar ya kashe ta.

Kaltume kuwa tana gefe tana cika tana batsewa. Wata ranar Asabar suna ninke kaya, ta ce kamar ba da gangan ba:

"Ni dai tausayinki nake ji."

"Da aka yi me?"

"Wai Kurmin Mashi! Yaushe rabon Rabe da Kurmin Mashi ran Lahadi? Da idona na gan shi yana zagayawa bayan ɗakin koyon aiki. Kin kuwa san masu zuwa can ba karatu ke kai su ba. Ya cika miki baki da kaza, ya tafi wajen wata."

"Ƙarya ne!"

"Bi shi gobe ki gani."

Hafsatu ta wuni ba ta iya haɗiye komai ba. Kishi ya hana ta sakat, ta yi kuka ta share, ta sake yi.

Washegari ya yage mata kamar kullum. Ta karɓa, ta yi kamar za ta shiga layi. Yana fita ta sulale ta bi bayansa daga nesa. Bai nufi bakin ƙofar makaranta ba. Ya bi ta gefen masallaci, ya tsaya a famfo, ya zagaya bayan ɗakin koyon aiki, daidai yadda Kaltume ta faɗa.

Ta lallaɓa ta leƙa.

Yana zaune shi kaɗai a gindin dalbejiya, littafi buɗe a cinyarsa. Ya ciro ƙullin leda daga aljihu, ya zazzage garin kwaki a wani tsohon kofi, ya zuba ruwan famfo, ya marmasa ƙuli-ƙuli guda ɗaya a kai. Ko sukari babu. Ya yi bismilla, ya fara sha a hankali yana karatu, fuskarsa a sake kamar wanda aka ajiye wa ragon suna.

"Rabe..."

Ya zabura, kofin ya kusa kifewa.

"Wannan ne tuwon Inna?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nake! Wannan ne tuwon Inna?"

"Hafsatu, zauna in miki bayani."

"Duk Lahadin nan... duk kazar nan da nake ci ina dariya... kai kana nan?" Hawaye suka ɓalle mata. "Sau ɗaya kake ci a rana, Rabe! Sau ɗaya! Shi ma ka ba ni!"

"Gidanmu na nan Kurmin Mashi, wannan ba ƙarya ba ce," ya ce a hankali. "Babana kafinta ne, ƙannena suna da yawa. In na je ran Lahadi, Inna nata za ta ba ni ta ce ta ƙoshi. Na san halinta. Shi ya sa nake zuwa ran Juma'a bayan na ci na makaranta, in ce mata cikina ya cika."

"Ita ka yi mata ƙarya, ni ma ka yi mini!"

"Na yi. Ki yafe mini."

Ta miƙa masa tikitin da ya jiƙe da gumin hannunta.

"Tashi mu je ka ci. Ba a rufe ba tukuna."

Ya ja hannunsa baya kamar ta miƙo masa garwashi.

"An yage, ba a mayarwa. In kika ba ni wannan a gaban mutane, kin san me kika ce."

"To ni ma ba zan ci ba!"

"Sai ya mutu a banza, ni ban ci ba, ke ba ki ci ba."

Ta tsaya tana kallonsa ta cikin hawaye. Ta taso a gidan da ake zubar da sauran abinci kullum, ba ta taɓa sanin akwai mutum irin wannan a duniya ba. Haushinsa take ji, amma a ranar ne ta tabbata ba za ta iya auren kowa ba sai shi.

Ta durƙusa ta ɗauki kofin.

"Ke! Ba za ki iya ba..."

Ta kurɓa. Tsamin garin ya sa ta runtse ido, amma ta haɗiye.

"Rabin raina," ta ce, "daga yau abin da ka sha shi zan sha."

*

Da Kaltume ta ga makircinta ya ƙara ɗaure su, sai ta hau tasi ta nufi Unguwar Rimi.

Da wata ya ƙare, Hafsatu ta je gida, ko mayafi ba ta cire ba mahaifiyarta, Hajiya Uwani, ta rufe ta da faɗa.

"Yunwa ake yi a gidan nan? Kullum ina aika miki kula, ashe kina can kina cin sadakar ɗan kafinta ana buga miki cokula kamar 'yar wasa!"

"Hajiya, ba haka ba ne..."

"Rufe mini baki! An gaya mini komai. Mai jan tikiti! Wanda bai iya ciyar da kansa sau biyu ba, shi zai ciyar da ke? Daga yau duk Lahadi gida za ki wuni, ko da ni ce zan tuƙo motar da kaina!"

Ita Kaltume da ta shekara tana mafarkin jan tikitin nan, yau ita ce ke gefe tana gyaɗa kai tana cewa, "Wallahi kuwa, Gwaggo."

Hafsatu ta shige ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah. Da la'asar mahaifinta ya dawo, ya kira ta falonsa. Alhaji Inuwa babban ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya yi shiru gidan kan fi tsorata.

"Uwarki ta faɗi nata. Faɗi naki."

Ta durƙusa ta faɗa masa komai, tun daga littafin ɗorawa har zuwa kofin garin kwaki. Ba ta ɓoye wautarta ba. Alhaji ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Ki ce masa ya zo ran Lahadi," ya ce. "Da azahar."

Da azahar! Hafsatu ta gane nan take, lokacin rabon kaza ke nan. Zai zo da cikinsa wayam tun abincin ranar Asabar.

Ya zo kuwa, cikin farar rigar nan da hula. Ya cire takalmi tun daga bakin baranda, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Aka shigo da abinci aka jera a gabansa: shinkafa da miyar kaji, farfesu, soyayyar ayaba, ƙamshi ya cika falon. Hafsatu da Hajiya suna bayan labule, ɗaya na addu'a, ɗaya na taɓe baki.

"Bismilla," in ji Alhaji.

"Alhamdu lillahi, Baba. Na gode."

"Ka ci wani abu yau?"

Rabe ya sunkuyar da kai. Ƙarya ba ta yiwuwa a nan.

"A'a, Baba."

"To ci mana."

"Baba, a yi mini afuwa. Ba zan iya ba."

Hajiya ta ɗan ƙara buɗe labulen. Ta san yunwa in ta gan ta, ta ga yadda leɓensa ya bushe. Ta zuba ido ta ga ko zai saci kallon kwanon, ko sau ɗaya. Bai kalla ba. Samarin da ke zuwa wajen yayyen Hafsatu a da, masu motoci, har ƙari wasu ke nema, ita kuwa abin na ƙona mata rai, tana cewa kunya ta ƙare a duniya.

"An ce kana son 'yata," Alhaji ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Ka ga gidan da ta tashi. Me za ka ciyar da ita?"

Hafsatu ta damƙe bakin labulen.

"Baba, ba zan ce zan ba ta irin wannan ba, don ban san abin da Allah zai hore mini ba," Rabe ya ce, bai ɗaga kai ba. "Abin da na sani ɗaya ne. Duk abin da na samu, mai yawa ko kaɗan, ita za ta fara ci."

Alhaji ya sake cire tabarau.

"Je ka ƙare karatunka," ya ce. "In ka ƙare, ka turo manyanka."

Rabe ya yi godiya har goshinsa na neman taɓa ƙasa, ya fita.

Hafsatu ta juyo tana tsoron fuskar mahaifiyarta. Sai ta ga Hajiya ta shige falo, ta tattara kwanonin nan da hannunta, ta juye su kaf a babbar kula, har da ƙarin naman da ta ɓoye wa Alhaji.

"Ke kuma kin tsaya kina kallona!" ta daka mata tsawa. "Kira direba ya bi shi da wannan kafin ya kai titi. Yaro tun jiya bai ci komai ba, ku kuna ta surutu!"

"Hajiya, ai direba na hutu yau..."

"To ba ki da ƙafa ne?"

Hafsatu ta rungume ta tana kuka tana dariya. Kaltume kuwa, da ta zo kallon yadda za a kori Rabe, ta tuna tana da wanki a makaranta, ta fice ba sallama.

*

Da sabon zango ya zo, Hafsatu ta tsaya gaban allo ta karanta shi tun daga sama har ƙasa. Ta duba lokutan darasinta, ta roƙi Hajiya a daina aiko kula, ta zaɓi kore da saninta. Ta kuma kafa wa Rabe doka: kada ya sake yage mata, in ba haka ba ita ma gindin dalbejiya za ta koma. Ya bi dokar, amma ba da son ransa ba.

Shekarar karatu na gab da ƙarewa aka sanar cewa gwamnati za ta janye hannu daga ciyar da ɗalibai. Ba sauran tikiti, kowa ya nemi na kansa wajen masu tuwo-tuwo. Ɗalibai suka yi ta ƙorafi, amma magana ta riga ta ƙare.

Lahadin ƙarshe, kafteriya ta cika fiye da kullum, sai dai ba hayaniya. Mama Rifkatu na rabo tana share ido da gefen zane.

Layi ya kawo kan Hafsatu, Rabe na bayanta. Ta ji ƙarar yage takarda, ta juyo.

"Rabe! Dokata fa?"

"Yau ta ƙarshe ce, 'Yar Ɗorawa. Ki bar ni."

Ya ajiye jan tikiti a tirenta.

Ta buɗe jaka, ta ciro koren littafinta, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ta yage na Lahadi, ta ajiye a kan tirensa.

Tun da aka kafa makarantar, mace ba ta taɓa yi ba.

Wani ya ce, "Mayarwa ta yi?"

"Makaho ne kai?" Mama Rifkatu ta daka masa tsawa. "Nasa ja ne, ga shi a tirenta. Wannan kore ne, nata ne na kanta!"

Ai sai ɗakin ya kece. Cokula, tire, tebura, har da masu buga murfin tukunya daga kicin.

"An yage! An yage!"

Rabe ya tsaya kamar an dasa shi, idonsa ya yi ja. Mama Rifkatu ta zuba masa dafa-duka har tana zuba gefe, ta ɗora cinya biyu.

"Ci, ɗana," ta ce. "Na daɗe ina ganin bayanka kana fita."

Bayan shekara biyu aka ɗaura aure. Ya samu aiki a wani kamfanin gine-gine, suka kama ɗaki biyu a Abakpa. Hajiya Uwani, wadda ta ce ɗan kafinta, ita ce yanzu ba ta da zance sai "ɗana Rabe", kuma gadon amarya ma babansa ne ya ƙera shi.

Lahadin farko a gidansu, Hafsatu ta yi dafa-duka da kaza, ta ajiye a tsakiyar tabarma. Suka zauna suna kallon juna, tururi na tashi.

"Fara," ta ce.

"Ke za ki fara."

"Wallahi kai za ka fara!"

"Na yi wa Baba alkawari, abar ƙaunata. A gabanki na yi, kina bayan labule."

"Ni ma na yi wa kaina alkawari a gindin dalbejiya."

"To sai dai ya huce."

Ta dube shi, mutumin nan mai taurin kai da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta sa hannu ta ɗebi shinkafa 'yar kaɗan ta kai baki.

"Ka gani, na fara. Ka cika alkawari."

Sannan ta kama cinyar kazar, ta yago tsoka mafi girma, ta kai masa har baki. Ya buɗe baki zai yi gardama, ta tura masa.

"An yage, rabin raina," ta ce. "Kuma ba a mayarwa."